GARGAƊI GA IYAYE A KADEMI, GAYA DA AJINGI: ƊAN GOYE YA SAN ABIN DA AKE YI MASA

Wannan kira ne na gaggawa ga magidanta, iyaye mata, kakanni da masu riƙon yara a Kademi da ƙauyukanta, da Gaya, Shagogo, Wudilawa, Ajingi, Toranke, Balare da sauran garuruwan wannan yanki. Wanda ya ji ya sanar da wanda bai ji ba.

In kaka ta yi, da an kai amfanin gona rumbu za a shiga abin da aka saba: magidanta su tafi cin rani Kano, Abuja ko Legas, a ɗaura aure, a yaye na goye, a haɗa wa wasu allo da ƙoƙo a tura su gabas. Cikin 'yan makonni yara da yawa da ba su kai shekara 5 ba za su wayi gari babu fuskar da suka saba gani. In wani ya ce a dubi halin da za su shiga, amsar ɗaya ce: "Yaro ne, me ya sani? Zai manta." Wannan maganar ita ce haɗarin. Yaro yakan manta ranar da abu ya faru, amma firgicin ba ya barinsa, sai ya zame masa hali.

ABIN DA BINCIKE YA TABBATAR

Masana a Jami'ar Harvard ta Amurka sun ƙiyasta cewa a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin hanyoyin saƙo fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Abin da ke ƙarfafa su ba na kuɗi ba ne: jariri ya yi gwaranci a amsa masa, ya yi kuka a ɗauke shi, ya nuna akuya da yatsa a faɗa masa sunanta. Ta haka yake koyon yarda da mutane, danne fushi, jiran layi da tausayin na ƙasa da shi. In kuwa yana kira babu mai amsawa, yau da gobe, sai jikinsa ya zauna cikin ɗar-ɗar, barci ya lalace, koyo ya yi wuya.

Duniya ta ga haka a Romaniya bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989, da aka buɗe gidajen marayu aka tarar da dubban yara jere a gadaje, babu mai ɗauka, babu mai yi musu magana. Binciken da aka fara a birnin Bukarest a 2000 ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi farfaɗowa ta fuskar basira da shaƙuwa. Lokaci ba ya jira.

An kuma ga ɗaya gefen a Kingston ta Jamaika. A 1986 da 1987 aka ɗauki yara 129 da ƙarancin abinci ya tsumburar da su. Wasu daga ciki, ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidajensu mako-mako har shekara 2, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, abin da waɗannan yaran ke samu a sana'a ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Yaron da yunwa ta taɓa, in aka haɗa masa da rashin kulawa, an yi masa rauni biyu.

ABUBUWAN DA ZA A DAINA DAGA YAU

Na ɗaya, yayen dare ɗaya. A shafa wa nono maɗaci, gari na wayewa a kai yaro wajen kakarsa a wani gari, ya rasa nono ya rasa uwa rana guda. A yi yaye a hankali: a rage shayarwar rana cikin makonni, ya saba da kunu da fate, ya saba da kakar tun kafin a kai shi, uwar kuma ta riƙa leƙa shi. Alƙur'ani ya ambaci shekara 2 ga mai son cika shayarwa, ya kuma ɗora yaye a kan yarda da shawarar uwa da uba.

Na biyu, fizge yaro daga uwa bayan saki. Fushin miji da mata ba laifin ɗan shekara 2 ba ne. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ta fi cancantar rainon ƙaramin yaro, bayanta mahaifiyarta, ciyarwa kuma tana kan uba. Mai ƙorafi ya je gaban alƙali, kada ya aiko 'yan'uwansa su ɗauke yaro yana ihu.

Na uku, duka da girgiza. Kada a taɓa girgiza jariri don ya yi shiru. Wuyansa bai yi ƙwari ba, girgiza tana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ta makantar da shi ko ta kashe shi. In kuka ya ishe ki, kwantar da shi a wuri mai aminci, ki kira wata ta karɓe ki. Ɗan shekara 2 da aka mara don ya zubar da koko bai koyi tsafta ba, tsoron mai marin ya koya. Binciken Gwamnatin Tarayya na 2014 ya gano cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma tun 2023 Jihar Kano tana da dokar kare yara. Masu cewa "ka ƙi naka duniya ta so shi" su sani: maganar a kan hana yaro mai wayo sangarta aka yi ta, ba a kan hana jariri runguma ba.

Na huɗu, tsoratarwa da zagi. Dodo zai kama ka, mai allura na zuwa, kulle yaro a ɗaki mai duhu, kiransa daƙiƙi ko ɗan banza. Ƙaramin yaro ba ya rabe wasa da gaskiya. Abin da uwa da uba suka ce shi ne, ya ɗauka shi ɗin ne. Haka nan fifita ɗan wani ɗaki a kan na wani ɗaki. Yaro yana ganewa tun kafin ya iya magana, gabar kuma takan kai har ranar rabon gado.

Na biyar, maganin barci. Ɗura wa yaro maganin mura ko na tari daga kemis don ya yi barci a samu yin aiki ganganci ne. Yana iya danne masa numfashi.

Na shida, raino da waya. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Waya tana sa shi shiru, amma ba ta amsa masa.

Na bakwai, tura ɗan ƙaramin yaro nesa. Babu mai jayayya da darajar karatun Alƙur'ani. Amma ƙolon da bai iya wanke jikinsa ba, wa zai lallashe shi in zazzaɓi ya kama shi da tsakar dare? Ya fara allonsa a makarantar unguwa, ya kwana a ɗakin uwarsa. Mai ba da riƙo ma ya tabbata ya san hannun da zai saka ɗansa, ya kuma riƙa zuwa dubawa.

Ga amare masu kunyar ɗan fari: kunya ado ce a gaban surukai, amma a cikin ɗaki ki dubi idon ɗanki, ki yi masa wasa. In al'ada ta sa kin janye, to lallai a sami mutum ɗaya tsayayye da yaron zai sani shi ne nasa.

ALAMOMIN DA BA A JIRA

A kai yaro asibiti in ya kai wata 3 ba ya murmushi in an yi masa wasa; in ya kusa shekara ba ya waiwayowa in an kira sunansa ko ba ya haɗa ido; in ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya nuni da yatsa, babu kalma ko ɗaya; ko in ya daina abin da ya riga ya iya. Haka nan yaron da bayan yaye ko rabuwa ya ƙi abinci, ya daina wasa, ya koma fitsarin kwance har makonni. Ba kowane shiru ne haƙuri ba. Wani kurumta ce, wani tamowa, wani baƙin ciki. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

A lura da mai jego. In ta wuce mako 2 tana kuka ba dalili, ba ta barci, ba ta son ɗaukar jaririnta, kada a ce son jiki ne ko a tsaya a kan iska. Ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma yana da magani. In ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti a ranar.

A fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko Babban Asibitin Gaya. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a birni.

ABIN YI

Uwa, yi masa hira kina daka, kina wanka, kina tsince wake. Kaka, dawo da tatsuniya bayan isha'i. A bar yara su yi wasan ƙasa, 'yar tsana da motar kara tare da tsaransu, a nan suke koyon rabo da sulhu. In ya yi fushi, a faɗa masa an ga ransa ya ɓaci, a hana shi ɓarna ba tare da an doke shi ba. Maigida, ɗaukar ɗanka ba ya rage maka girma. In za ka yi tafiya ka yi masa sallama, kada ka sulale, in ka isa ka kira ya ji muryarka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, kuma da Aƙra'u ɗan Habis ya ga yana sumbatar jikansa Hasan ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya gargaɗe shi a kan rashin jinƙai.

Allah ya gafarta malamanmu, a sa wannan a huɗuba da wa'azin suna. Ranku ya daɗe hakimai, dagatai da masu unguwanni, kada a yi sulhun rabuwar aure ba a tsayar da maganar yara ba. Ungozomomi da ma'aikatan riga-kafi, ku ne kuke shiga ɗakuna, ku duba fuskar uwa da ta ɗa, ba kati kaɗai ba. Hedimastoci, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara kafin firamare, Gwamnatin Kano kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Ku nemi haƙƙin ajin share fage, ku fitar da bulala daga cikinsa.

Maƙwabci kuma, ɗa na kowa ne. In kana jin ihun yaro kullum ta bayan katanga, ko ka ga tabon duka a jikinsa, yi wa maigidan magana cikin mutunci. In bai ji ba, ka kai wa mai unguwa a ranar. Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya su.