Ba a fafe gora ranar tafiya: Yadda ake adana kwafin rumbun bayanai daga kwantena zuwa gajimare

A ranar 31 ga watan Janairun 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, yana gyaran wata matsala da dare sai ya ba da umarnin gogewa a kan kwamfutar da ba ita ya nufa ba. Kafin ya ankara, kusan gigabait 300 na babban rumbun bayanan kamfanin sun salwanta.

Kamfanin yana da hanyoyi da dama na ajiye kwafi, amma da aka waiwaye su sai aka tarar akasarinsu ba sa aiki. Ma'ajiyar da ya kamata kwafin kowace rana ya riƙa shiga a Amazon S3 wayam take. Manhajar da ke ɗaukar kwafin ta sigar 9.2 ce, rumbun kuwa PostgreSQL ne na sigar 9.6, don haka kullum aikin faɗuwa yake yi, saƙonnin gargaɗin kuma ba sa isa ga kowa.

Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu sa'o'i shida kafin aukuwar lamarin. Duk da haka, kamar yadda kamfanin ya bayyana da kansa, an yi asarar ayyuka kimanin 5,000 da asusun sababbin masu amfani kimanin 700.

Rumbun GitLab ba a cikin kwantena yake ba a wancan lokaci. Sai dai darasin ya fi shafar hukumomi da bankuna da kamfanonin da suka mayar da manhajojinsu kan tsarin kwantena a yau, domin a can abubuwa sun fi saurin ɓacewa.

Kwantena ba wurin ajiya ba ce

Kwantena wani ƙunshi ne da ke ɗauke da manhaja tare da duk abin da take buƙata don ta yi aiki a kan kowace kwamfuta. Docker ne ya yaɗa wannan fasaha daga shekarar 2013. A 2014 kamfanin Google ya fitar da Kubernetes, wanda ke kula da ɗaruruwan kwantenoni a lokaci guda: idan ɗaya ta mutu ya tayar da wata a madadinta.

An ƙera kwantena ne don a iya yar da ita a kowane lokaci. Duk abin da aka rubuta a cikinta yana tafiya tare da ita. Shi ya sa ake haɗa wa rumbun bayanai wani faifai na dindindin wanda ke zaune a waje.

A nan ne mutane da yawa ke sakin jiki. Faifan ya kan tsira idan kwantena ta mutu, amma ba ya kare bayanai daga kuskuren ma'aikaci ko ɓarnar mai kutse. Hasali ma, faifan da Kubernetes ya samar da kansa, idan ba a sauya saitinsa na asali ba, ana goge shi da zarar an goge takardar neman da ke riƙe da shi.

Haka kuma, rumbu na biyu da ke kwafar na farko kai tsaye ba kwafin ko-ta-kwana ba ne. Idan aka goge sunayen ma'aikata a na farko, cikin ƙiftawar ido za su goge a na biyu.

Hanyoyi uku na ɗaukar kwafi

Hanya ta farko ita ce juye abin da ke cikin rumbun zuwa fayil guda, ta amfani da pg_dump ga PostgreSQL ko mysqldump ga MySQL. A Kubernetes ana ɗora wannan aiki a kan CronJob, wanda ke tayar da wata ƙaramar kwantena a lokacin da aka tsara, misali ƙarfe 2 na dare. Kwantenar za ta juye bayanan, ta matse su, ta kulle su, ta tura su ma'ajiyar gajimare, sannan ta mutu. Hanyar tana da sauƙi, amma duk abin da aka shigar bayan kwafin ƙarshe yana cikin haɗari.

Hanya ta biyu ita ce ɗaukar hoton faifan baki ɗaya. Manhajar Velero tana yin haka, tana kuma adana saitunan Kubernetes ɗin kansa. Abin lura shi ne, rumbun da ke tsakiyar rubutu zai iya fitowa a hoton da rabin aiki. Don haka akan umarce shi ya dakata na ɗan lokaci kafin a ɗauka. Sau da yawa kuma hoton yana zama ne a asusu ɗaya da yanki ɗaya da faifan asali, sai an kwashe shi zuwa wani wuri.

Hanya ta uku ita ce ta ci-gaba da turawa. PostgreSQL yana rubuta kowane sauyi a wani kundi kafin ya aiwatar da shi. Manhajoji irin su pgBackRest da WAL-G suna ɗaukar cikakken kwafi lokaci-lokaci, sannan su riƙa tura wannan kundi zuwa gajimare a kai a kai. Da haka za a iya mayar da rumbun yadda yake minti ɗaya kafin a yi kuskuren.

Nisa shi ne kariya

Ma'ajiyar gajimare, irin su Amazon S3 da aka buɗe a 2006, da Google Cloud Storage da Azure Blob Storage, manyan cibiyoyin kwamfuta ne da ake hayar wuri a cikinsu ta intanet. Amfaninsu a nan shi ne suna nesa da inda rumbun yake.

A ranar 10 ga watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen cibiyar bayanai ta OVHcloud a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa. Wasu abokan hulɗar da kwafinsu ke cikin wannan harabar sun rasa asali da kwafi a dare ɗaya.

Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce ta 3-2-1: kwafi uku na bayanai, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam.

Nisan ya shafi makulli ma. Idan kwantenar da ke tura kwafi tana da ikon gogewa, duk wanda ya kutsa cikinta zai iya share kwafin kafin ya nemi kuɗin fansa. Abin da ya dace shi ne a ba ta ikon rubutawa kaɗai, a kuma kunna tsarin da ke hana goge fayil har wa'adinsa ya cika, kamar Object Lock na S3. Makullin buɗe kwafin kuwa kada ya zauna a cikin tsarin da ake tsoron rasawa.

Abin da ya shafi Najeriya

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa masu riƙe da bayanan jama'a ɗaukar matakan kare su daga ɓacewa ko lalacewa. Ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje. Kwafin da aka tura wata cibiya a Turai ko Amurka ya tsallaka iyaka ke nan, don haka zaɓen yankin ajiya batu ne na doka.

Akwai kuma batun layin sadarwa. A ranar 14 ga watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, lamarin da ya kawo cikas ga ayyukan bankuna da na sadarwa a ƙasar nan. Kwafin da ke ƙetare ba shi da amfani a ranar da ba a iya kaiwa gare shi. Wannan ya sa ajiye wani kwafin a cibiyar cikin gida, kamar ta Galaxy Backbone ga hukumomin gwamnati, yake da muhimmanci.

Lissafin ma a fili yake. Sauke gigabait 100 a kan layin megabit 100 a daƙiƙa yana cin fiye da sa'o'i biyu. A kan layin megabit 20 kuwa, ya kai sa'o'i 11, tun ba a fara zuba bayanan a rumbu ba.

Tambayoyin da shugaba zai yi

Shugaban ma'aikata ba ya buƙatar sanin Kubernetes kafin ya bi diddigin wannan aiki. Tambayoyi uku sun wadatar. Aikin sa'o'i nawa za mu iya jure rasawa? Sa'o'i nawa za mu iya zama a rufe kafin a dawo da komai? Yaushe aka yi gwajin dawo da kwafi na ƙarshe, kuma wa ya shaida?

Ta ukun ita ce ta fi nauyi. Tsarin kwantena ya sauƙaƙa amsa ta, domin ana iya tsara wani aiki da zai sauko da kwafin jiya, ya zuba shi a sabon rumbu na wucin gadi, ya ƙirga layukan da ke ciki, sannan ya rushe rumbun. A kuma saita ƙararrawa ta yadda za ta kaɗa idan safiya ta yi ba a ga sabon kwafi ba, maimakon jiran saƙon da zai ce an samu matsala.

Albashin ma'aikata, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da tarihin jinyar marasa lafiya duk a irin waɗannan rumbuna suke zaune a yau. Hukumar da ba ta taɓa dawo da kwafinta ko sau ɗaya ba, ba ta da tabbacin cewa tana da shi.