Wace ce mace a filin tsere? Yadda dokar jinsi ta fi shafar 'yan wasan Afirka

A watan Yulin 2019, 'yar tseren Jamhuriyar Nijar Aminatou Seyni ta kammala gudun mita 400 cikin daƙiƙa 49.19 a birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan, abin da ya sanya ta a sahun matan da suka fi sauri a duniya a wannan shekara. Bayan 'yan watanni, da aka hallara gasar duniya a Doha, ba a gan ta a layin mita 400 ba, alhali ba ta ji rauni ba, ba a kuma kama ta da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ba. Dokar hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ce ta ce sinadarin testosteron da jikinta ke samarwa ya zarce iyakar da aka gindaya wa mata. Sai ta koma mita 200, inda ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022 a Amurka.

Labarinta na cikin muhawarar da ta daɗe tana raba kan hukumomin wasanni, likitoci da kotuna: wa ya cancanci fafatawa a rukunin mata, kuma wa ke da ikon yanke hukunci?

Rukuni biyu ne ake haɗa su wuri guda

Na farko su ne waɗanda aka haifa da bambanci a halittar jinsi, waɗanda Hausawa kan kira mata-maza, malaman fiƙihu kuma suka san su da sunan khunsa. An haife su a matsayin mata, an raɗa musu sunan mata, sun tashi a haka, amma wasunsu na ɗauke da ƙwayoyin halitta na XY da aka fi sani a jikin namiji, jikinsu kuma na samar da testosteron mai yawa. Da dama daga cikinsu ba su san da wannan ba sai ranar da aka gwada su a fagen wasa.

Na biyu su ne masu sauya jinsi, wato waɗanda aka haifa maza, daga baya suka koma rayuwa a matsayin mata. Misalin da aka fi ambata shi ne Laurel Hubbard ta New Zealand, wadda ta shiga gasar ɗaga ƙarfe ta mata a Olympics ta Tokyo a 2021, ta kuma fita ba tare da lambar yabo ba bayan ta kasa ɗagawa sau uku.

Rashin bambance rukunan biyu ya fito fili a gasar Paris ta 2024, lokacin da aka cika shafukan sada zumunta da iƙirarin cewa 'yar damben Aljeriya Imane Khelif namiji ce da ta sauya jinsi. Kwamitin Olympics na duniya ya bayyana cewa mace aka haife ta, haka aka yi mata rajista, haka ta yi dambe tsawon rayuwarta. Ta ci zinare a ajin kilo 66, duk da cewa ƙungiyar dambe ta IBA, wadda kwamitin ya janye wa amincewa, ta dakatar da ita a 2023 bisa wani gwajin jinsi.

Me ya sa ake batun testosteron?

An ware wa mata rukuninsu ne saboda tazarar da balaga ke haifarwa. Daga wannan lokaci testosteron kan ƙara wa namiji girman tsoka, ƙarfin ƙashi da yawan jinin da ke ɗaukar iska, har ya zama fitattun maza na fin fitattun mata da kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari a gudu. Yawancin mata ba su kai nanomol 2 na sinadarin a kowace litar jini ba, yayin da na maza ke farawa daga kusan 8 zuwa kusan 30.

Masu goyon bayan dokar na cewa idan aka bar ƙofa a buɗe, matan da suka shafe shekaru suna atisaye za su rasa lambobin yabo, kuɗin gasa da guraben karatu. Sukan kafa hujja da tseren mita 800 na Olympics ta Rio a 2016, inda Caster Semenya ta Afirka ta Kudu, Francine Niyonsaba ta Burundi da Margaret Wambui ta Kenya suka kwashe lambobin uku, dukkansu kuma doka ta shafe su daga baya.

Masu adawa na cewa wasa dama fage ne na waɗanda halitta ta fifita, ko ta tsayi ko ta faɗin huhu, kuma ba a hukunta kowa a kan haka. Suna kuma nuni da cewa binciken 2017 da hukumar ta dogara da shi, marubutansa sun yi masa gyara a 2021, suna masu cewa bai tabbatar da cewa testosteron ne ya haddasa bambancin da aka gani ba.

Yadda dokar ta riƙa sauyawa

Gwajin jinsi ya girmi wannan zamani. A gasar Turai ta 1966 a Budapest, an sa mata sun tuɓe a gaban likitoci. Daga 1968 aka koma gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ya kayar da 'yar Sifaniya Maria José Martínez-Patiño a 1985, kafin a mayar mata da haƙƙinta a 1988 bayan an gano jikinta ba ya amfani da testosteron ɗin da yake samarwa. A Atlanta a 1996, mata takwas cikin sama da 3,000 ne gwajin ya nuna suna da ƙwayar Y, dukkansu kuma aka bar su suka fafata. A 1999 kwamitin Olympics ya daina gwada kowa da kowa.

Nasarar Semenya a Berlin a 2009, tana da shekara 18, ta farfaɗo da maganar. A 2011 aka kafa iyakar testosteron, a 2015 kotun wasanni ta duniya ta dakatar da ita bayan ƙarar 'yar Indiya Dutee Chand. A 2018 hukumar ta dawo da iyakar nanomol 5 a tseren mita 400 zuwa mil ɗaya. Semenya ta ƙalubalanta, amma a 2019 kotun ta yanke cewa dokar na nuna wariya, sai dai wariya ce da ta zama dole domin kare gasar mata. A watan Yulin 2025 babban zauren kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ya ce kotun Suwizalan ba ta yi wa Semenya adalci wajen sauraron ƙararta ba, amma bai soke dokar ba.

A watan Maris na 2023 hukumar ta haramta wa masu sauya jinsi da suka balaga a matsayin maza shiga gasar mata ta ƙasa da ƙasa, ta kuma rage iyakar mata-maza zuwa nanomol 2.5 a dukkan wasanni. Daga 1 ga Satumban 2025, duk macen da za ta shiga manyan gasanninta sai an yi mata gwajin ƙwayar gado ta SRY, ta hanyar goge cikin kumatu ko ɗibar jini, sau ɗaya a rayuwa. Farfesa Andrew Sinclair, wanda ya gano ƙwayar a 1990, ya soki matakin, yana mai cewa samun ƙwayar kaɗai ba ya tantance jinsin mutum.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Masu sauya jinsi sun fi jan hankalin 'yan siyasa a Amurka da Turai, amma sunayen da dokar guje-guje ta kora daga fili galibi na matan Afirka ne: Semenya, Niyonsaba, Wambui, Seyni, da 'yan Namibiya Christine Mboma da Beatrice Masilingi. Wani dalilin da ake bayarwa shi ne a ƙasashe masu wadata akan gano irin wannan halitta tun jaririya tana goye, a nahiyar nan kuwa sai yarinya ta yi fice kafin wani ya duba.

Zaɓin da ke gabansu ba mai sauƙi ba ne: shan maganin rage sinadari alhali lafiyarsu ƙalau, ko barin sana'ar da ke ciyar da iyalansu. Semenya ta ce magungunan sun riƙa sa ta rashin lafiya, ƙungiyar likitoci ta duniya kuma ta buƙaci mambobinta a 2019 da kada su aiwatar da dokar. Annet Negesa ta Uganda ta ce an yi mata tiyata a 2012 ba tare da an fayyace mata abin da za a yi ba, kuma ba ta sake komawa matsayinta na da ba.

Kirsty Coventry ta Zimbabwe, wadda ta karɓi shugabancin kwamitin Olympics a watan Yunin 2025, ta sanya kare rukunin mata cikin abubuwan da ta fara sa a gaba. Kare shi haƙƙi ne na matan da ke fafatawa. Sai dai ga hukumomin wasanni na ƙasashen Afirka, tambayoyin da suka rage na aiki ne: wa zai biya kuɗin gwajin, wa zai tsare sirrin sakamakon, kuma wa zai zauna da yarinya 'yar shekara 17 da iyayenta ya yi musu bayani kafin labarin ya isa unguwarsu ta wayar salula.