Garejin ƙofar gida: Inda kuɗin 'yan ci-ranin Babankatami ke tsira ko su nutse

Da zarar gero ya shiga rumbu a watannin Oktoba da Nuwamba, motocin da ke fita daga Babankatami da sauran garuruwan gundumar Bouza sukan cika maƙil da samari. Wasu Abijan suka nufa, wasu Kano ko Legas, wasu kuma su bi ta Agadez zuwa Libiya da Aljeriya. Tsohuwar al'ada ce a ƙasar Adar, kuma a duk faɗin Nijar jihar Tahoua ta yi suna wajen wannan tafiyar biɗa.

Abin da kuɗin ci-rani ke yi a gida sananne ne: a cike giɓin hatsi, a yi aure, a sayi tumaki, a ta da ɗaki mai rufin kwano. Amma akwai wani buri da ake yawan ji a bakin waɗanda suka koyo sana'a a can, musamman gyaran babur da walda. Burin shi ne mutum ya buɗe ɗan garejinsa a ƙofar gidansu, ya huta da kwana a tasha da ɓoye wa 'yan sandan ƙasar wasu.

Aikin kuwa akwai shi. Babur ya zama jakin wannan zamani, daga na 'yan kabu-kabu zuwa na malamin makaranta da ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin mako. A fadamun Madaoua da Keita, inda ake noman albasa da rani, injin ban-ruwa ne ran gona. In ya tsaya kwana biyu a tsakiyar zafi, shuka ta fara sunkuyar da kai. Ga injin niƙa, ga amalanken da ƙafarsa ta karye, ga ƙofofi da tagogin ƙarfe da kowane sabon gini ke nema. Wanda ya iya waɗannan gyare-gyare a ƙauye ya rage wa jama'a doguwar tafiya zuwa birni.

Sai dai garejin da ke rufewa tun bai shekara ba, galibi tsarin kashe kuɗin ne ke kashe shi. Gini ne ake gani, shi ake ɗauka hoto a tura ta WhatsApp, don haka shi ke fara cinye jarin. Ranar da aka kafa ƙyaure aka sa kwaɗo, sai a tarar babu kuɗin injin walda, babu na kayan gyara, mai ginin kuma ya sake ɗaukar jakarsa ya koma Abijan.

Filin na wa ne?

Tambayar farko kenan, kuma ita aka fi jin kunyar yi. Gefen zaure ko kangon da ke jikin katanga yawanci na gidan gado ne. Muddin mai gida na raye, kalmarsa ta isa. Ranar da ya kwanta dama aka zo rabo, shagon da mutum ɗaya ya gina da guminsa na shekara biyar yana iya faɗawa cikin abin da za a kasa wa 'yan'uwa goma, tunda ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta kowa ce.

Maganin ba shi da tsada. A zauna da mai gida da 'yan'uwa, a kira mai gari da shaidu, a rubuta ko kyauta ce, ko aro, ko saye. Tun dokar tsarin karkara ta 1993, Nijar ta kafa hukumomin kula da filaye da ake kira COFO, daga matakin gunduma har zuwa ƙauye, kuma suna ba da takardun shaidar saye da kyauta da aro. Ga filin da ke cikin gari, ofishin ƙaramar hukuma ne zai nuna hanyar da za a bi. Wanda ke waje yana turo kuɗi ta NITA ko Amana ko Al Izza, ya kamata hoton wannan takarda ya riga hoton bulo isa wayarsa.

Wuta ce ke yanke hukunci

Kafin a auna tsawo da faɗin ɗaki, sai an san da wace wuta za a yi aiki, domin ita ce ke faɗin irin sana'ar da za ta yiwu a wurin. Alƙaluman Bankin Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun lantarki a Nijar, kuma a karkara abin ya yi ƙasa da haka nesa. Ƙauyuka da dama layin NIGELEC bai kai gare su ba. Inda ya kai ma, an ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a wancan lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke amfani da ita daga can take zuwa. Tashar hasken rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ta taimaka wa yankin, amma mai gareji a ƙauye dole ya yi lissafinsa kamar wutar gwamnati ba za ta zo ba.

Faci da gyaran babur ba sa cin wuta. Da famfon hannu ko ƙaramin injin iska, da sifanu, da filaya, da guduma, mutum zai fara karɓar aiki gobe. Faranti ɗaya ko biyu na sola da batir sun isa su ba shi fitila da fanka, har ya ƙara da cajin wayoyi, wanda a ranar kasuwa yakan fitar da kuɗin cefane.

Walda kuwa wata duniya ce. Ko ƙaramin injin walda na zamani, irin mai nauyin jakar hannu, in za a ƙona sanda mai kaurin milimita 2.5 zuwa 3.2, yana neman janareto, wato gurup kamar yadda ake faɗa a Nijar, wanda bai gaza kVA 5 ba. Ƙaramin nan da ake kunna talabijin da shi ba zai ɗauka ba. Ko dai ya shaƙe ya mutu, ko ya ƙona injin. Yin walda da sola yana yiwuwa, amma baturan da na'urar juya wutar da ake buƙata kuɗinsu na iya zarce na ginin gaba ɗaya. Shi kuma gurup mai yake sha kullum, kuma farashin mai a wannan yanki yana bin abin da ke faruwa a tsallaken iyaka. Shekaru da dama 'yan ruwa-ruwa ne ke shayar da ƙauyuka da fetur mai araha daga Najeriya. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, wannan araha ta kau, nauyi ya koma kan matatar SORAZ ta Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, har aka shiga ƙarancin mai a watan Maris na 2025. Duk wanda ya tsara garejinsa bisa farashin litar shekarun baya, ya sake lissafi.

Shi ya sa masu hankali a cikin sana'ar ke farawa da rumfa da akwatin kayan aiki mai kwaɗo. Damina ɗaya da rani ɗaya sun isa su nuna wa mutum aikin da ya fi zuwa ƙofarsa. In walda ce, a sayi gurup kafin a sayi siminti.

Laka, dutse ko bulo

Idan lokacin gini ya yi, girman da ake buƙata bai kai yadda ake zato ba. Babur bai wuce mita biyu a tsawo ba, kuma bakanike na son kamar mita ɗaya ta kowane gefe don ya tsuguna ya juya. Ɗaki mai mita huɗu da biyar ya ɗauki babur biyu da teburin aiki da kantar kayan gyara. Ainihin aikin ma a waje ake yinsa, ƙarƙashin rumfa, inda iska ke kaɗawa kuma mai wucewa ke gani. Ɗakin ma'aji ne. Saboda haka kuɗin da za a zuba wa ado gara a zuba wa ƙyaure mai ƙarfi, mai faɗin da amalanke zai shiga, da gangare a bakin ƙofa maimakon matakala.

Magina na gargajiya sun daɗe da sanin cewa hadari daga gabas yake tasowa, hunturu kuma daga arewa maso gabas yake kwaso ƙura. Bangon gabas shi ke shan duka, shi ya fi son yaɓe mai kyau, kuma ƙofa ba ta son fuskantarsa. Ƙura ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce ga injin da aka buɗe cikinsa. In ƙofar ta kalli yamma, rumfar ce za ta tare ranar la'asar.

Bulo na siminti ya zama alamar cewa mutum ya dawo da abin hannu, kuma tun da gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoban 2024, ga masana'antarsa a Malbaza cikin jihar, sha'awarsa ta ƙaru. To amma ɗakin bulo mai gajeren rufin kwano, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, tanda ce. Tubalin laka mai kauri ya fi riƙe sanyi, ya fi araha, kuma jihar Tahoua ba baƙuwa ba ce a wannan fanni: masallacin Yaama da magini Falke Barmou ya gina da laka ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986, sannan sabon masallacin Dandaji da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara, wanda aka kammala a 2018, da tubalin jar ƙasa da aka matse aka gina shi.

Raunin laka a gindi yake. Daminar 2024, wadda ta yi ajalin sama da mutum 300 a Nijar ta kuma rusa tsohon masallacin Damagaram a farkon Satumba, ta nuna abin da ruwa ke yi wa bangon da ya jiƙa daga ƙasa. A nan Adar ta yi sa'a, domin dutse a zube yake ko'ina. Da shi aka yi dubban shingayen tare ruwa tun da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984. Tushe na dutse da ya ɗago kamar kamu biyu daga ƙasa, laka a samansa, daɓen siminti a ciki don kada ƙusa da ƙananan notuna su riƙa ɓacewa a turɓaya: wannan haɗin ya fi dacewa da aljihun yawancin masu farawa. Rufin a ɗaga shi, a bar kafar iska tsakaninsa da bango, a kuma ɗaure kwanon da waya har cikin gini, don guguwar farkon damina ba ta raina ƙusa kaɗai. Kuma kada a gina a hanyar ruwa, ko da tsofaffi sun ce rabonsa da bi ta nan an shekara ashirin.

Gida ne a bayan bangon

Abin da ya bambanta wannan gareji da na bakin tasha shi ne mata da yara na kwana a bayansa. Ƙofarsa ta buɗe ta titi, kada a haɗa ta da zaure, don kada ya zama duk mai babur sai ya leƙa cikin gida. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana malala, don haka jarkar mai da murhun girki ba sa haɗa bango mai kafa. Mai sha'awar haɗa gyara da sayar da fetur a kwalabe ya raba su da wurin da tartsatsin walda ke sauka, nesa sosai.

Gurup a waje ake kunna shi. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma a rufaffen ɗaki tana kisa cikin barci. Hasken walda yana ƙona idon mai kallo ko daga nesa, zafin kuma sai cikin dare yake tashi. Yaran unguwa kuwa ba abin da suke so kamar su tsaya kallo, don haka labulen kwano ko na buhu a gefen rumfa ya zama dole. Baƙin man da aka juye daga inji a tara shi a durom, kada ya bi ƙasa ya nufi rijiya ko wurin shan dabbobi. Tsofaffin batura ma a ɗaga su inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Wa zai riƙe makulli?

Sau da yawa mai kuɗin yana waje, ƙaninsa ne a gida. A nan zumunci ke shan gwaji. Wanda ke Libiya yana ganin ya zuba jari, wanda ke gida yana ganin shi ke shan rana da maiko, kuma babu wanda ya taɓa furta yadda za a raba abin da aka samu. Gara a faɗa tun farko: nawa ne na mai aiki, nawa ke komawa sayen kaya, nawa ne na mai jari. In ƙanin bai ƙware ba, shekara guda a hannun wani ubangida a Madaoua ko Konni, ko a ɗaya daga cikin cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke ƙananan hukumomi, ta fi masa sabon injin da zai lalata a makon farko. Asusun FAFPA na gwamnati ma don tallafa wa irin wannan koyo aka kafa shi.

Kayan gyara su ne sauran rabin jarin. Tayoyi da tiyub da fulogi da sarƙa, da yawansu ta kasuwannin Najeriya suke shigowa, kuma rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ya koya wa masu gareji darajar ɗan abin da ke kan kanta. Ba sai an tara komai ba. A duba irin baburan da suka fi yawa a garin, Kasea ne ko Haojue ko Boxer, a ajiye abin da ya fi saurin mutuwa a jikinsu.

Sai bashi. A ƙauye, mai kawo gyara ko kawu ne, ko suruki, ko abokin wasa, kuma "sai an sayar da albasa" amsa ce da ba a iya ƙi kai tsaye. Dabarar da ke raba gardama ita ce a raba kuɗin hannu da kuɗin kaya: ladan aiki yana iya jiran kaka ko cirar albasa, amma fulogi da tiyub da aka sayo da tsabar kuɗi, da tsabar kuɗi suke fita. Duk abin da aka ɗaga wa ƙafa kuma a shigar da shi littafi da kwanan wata, da boko ko da ajami, a ɗauki hoton shafin duk ƙarshen wata a tura wa wanda ke waje.