Tsakanin Ɗauke Wuta da Tashin Janareta

A ɗakin kwantar da yara na babban asibitin ƙaramar hukumarmu akwai wata ƙara da kunne ke sabawa da ita har ya daina ji. Ƙarar injin tace iska ce: gurnani ƙasa-ƙasa, sai ɗan huci bayan 'yan daƙiƙoƙi, kamar ajiyar zuciyar wanda ya sauke kaya. Ba a tunawa da ita sai ta tsaya. Da zarar an ɗauke wuta, injin ya yi tsit ya saki ƙararrawa, duk uwar da ɗanta ke da robar iska a hanci sai ta miƙe zumbur, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Kwana shida na yi a ɗakin ina taya ƙanwata jinyar ɗanta. Tsakiyar hunturu ne, lokacin da gadaje ba sa isa, har a haɗa yara biyu a gado ɗaya. Yawancinsu limoniya ce ta kawo su, wadda a ƙauye ake kira ciwon haƙarƙari. Za ka ga an sauko da yaro daga babur, ƙirji na lotsawa, ƙofofin hanci na buɗewa suna rufewa, ya kasa kama nono. Kafin komai, nas za ta maƙala masa wata 'yar na'ura mai jan haske a babban yatsan ƙafa. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Lamba take nunawa. Mai lafiya yakan ba da 95 zuwa sama, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce yaron da ya faɗo ƙasa da 90 a sa masa oksijin. Namu 84 ya nuna a daren da muka zo.

Hanya biyu iskar ke zuwa ɗakin. Ta farko tana tsaye a kusurwa: doguwar tukunyar ƙarfe, baƙa mai farar kafaɗa, an ɗaure ta da sarƙa a jikin bango don kada ta faɗo wa wani. Sai ƙarti biyu ke iya ciccibarta. Babbar irinta tana ɗaukar iska kusan lita 6,800 a matse. Ba ruwanta da NEPA, ba ta ƙara, kuma idan mara lafiya na buƙatar iska mai yawa a lokaci guda, ko za a wuce da shi asibitin koyarwa a mota, ba abin da ke maye gurbinta. Aibinta ɗaya ne, amma babba: tana ƙarewa. Yaro ɗaya mai shan lita 2 a minti zai shanye ta a kwana biyu da 'yan awoyi. A raba wa yara huɗu, awa goma sha huɗu da 'yan mintuna kawai za ta yi. Wannan ma idan kan tukunyar ba ya yoyo ke nan, alhali tsofaffin kawuna da robar bakinsu ta cinye sukan zubar da iska a banza dare da rana. In ta ƙare, sai an nemi mota da kuɗin mai an kai ta birni inda ake ɗurawa, a bi layi, a dawo. A asibitoci da yawa kuɗin nan kan dangin mara lafiya yake komawa, wani wurin ma da awa ake lissafi. Na ga uba a baranda yana ƙirga abin da ya rage a aljihunsa, yana tambaya ko za a iya cire wa yaron robar zuwa safe.

Hanya ta biyu ita ce injin, mai girman ƙaramin firji, da tayoyi a ƙasa. Shi ba a ɗura masa komai. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, kusan kashi 78 kuwa naitirojin ne. Injin yana zuƙo iskar ɗaki ya tura ta cikin wasu bututu biyu cike da ƙwayoyin wani ma'adini mai suna ziyolait, wanda ke riƙe naitirojin ya bar oksijin ya wuce. Ɗaya na tacewa, ɗaya na amayar da abin da ya riƙe, sai su yi musanya. Hucin nan da ake ji, amayarwar ce. Abin da ke fitowa ya haura kashi 90 cikin ɗari, kuma injin mai lita 5 zai iya ɗaukar ƙananan yara uku ko huɗu idan an haɗa masa marabar iska. Muddin akwai wuta, ba ya ƙarewa.

Muddin akwai wuta. A dare na uku an ɗauke ta wajen ƙarfe ɗaya da rabi. Sista mai aikin dare ba ta ko ɗaga murya ba. Ta cafki tocila a baki, ta zare robar daga injin, ta nufi kusurwa, ta ɗauki sifanar da ke rataye a wuyan tukunya ta murɗa. Allurar agogon tukunyar ta ɗaga. Ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya tana duba lamba, tana cewa iyayen, "Maman yaro, zauna, iska na zuwa." Mai kula da janareta yana can bayan ɗakin tiyata, sai da aka je aka taso shi. Ban duba agogo ba, amma na karanta duk addu'ar da na sani kafin fitilu su dawo. Da tukunyar nan babu komai a cikinta a daren, ko da wani ya ari sifanar ya manta bai mayar ba, Allah kaɗai ya san labarin da zan bayar yau.

Shi ya sa nake ganin masu gardamar tukunya ko inji a ofisoshi, da wuya in sun taɓa kwana a irin wannan ɗaki. A nawa ra'ayin, inji ne ya kamata ya zama tuwon yau da gobe, domin ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba ga asibitin da ke nesa da wurin ɗura iska. Tukunya cikakkiya kuma ta tsaya a gefensa ba dare ba rana. A ƙasar Papua New Guinea, inda asibitocin karkara ke fama da irin matsalarmu, wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna cewa bayan an sa injinan nan da na'urar awon iskar jini a asibitoci biyar, aka kuma horar da ma'aikata, haɗarin mutuwar yara masu limoniya ya ragu da kashi 35 cikin ɗari. Mu kuma Allah ya hore mana rana. Faifan sola da batura masu kyau za su toshe wannan giɓi na tsakar dare, wanda ya fi komai ba ni tsoro.

Sai dai inji yana da wata cuta da ta fi ɗauke wuta haɗari, domin ita ba a ganinta. Ƙurar hunturu na toshe soson da ke bayansa, zafin bazara na gajiyar da shi, laimar damina na kashe ziyolait. Injin da ziyolait ɗinsa ya mutu zai ci gaba da gurnani, ruwan kwalbarsa na ta kumfa, uwa na kallo hankalinta kwance, alhali abin da ke shiga hancin ɗanta bai fi iskar tsakar gida da komai ba. Sai da na'urar gwaji ake tabbatarwa. A wani ɗakin ajiya kusa da wurin wanki na leƙa na ga injina jere, ƙura ta rufe su. Lokacin korona aka kawo su kyauta, ba a haɗo da kayan gyara ba, ba a kuma koya wa kowa buɗe su ba.

Akwai dokar da Sista ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Ba a shigo da kaskon garwashi, komai sanyi. Ba a kunna turaren wuta ko maganin sauro. Ba a shafa wa yaro basilin a hanci ko leɓe yana kan iska, duk da yadda hunturu ke tsattsaga fata, domin mai da oksijin idan suka samu ƙyas ɗin wuta ba a iya tare su. Wata tsohuwa ta so yin musu, Sista ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, jikanki nake tsare miki." Tsohuwar ta mayar da kwalbar cikin ƙullin zanenta.

Ranar da za a sallame mu lambar yaronmu ta tsaya a 96 ba tare da roba ba. Da asuba, kafin a miƙa aiki, na tarar da Sista a bakin famfo tana wanke soson injin da ruwan sabulu. Ruwan ya fito ja kamar na kududdufi. Ta matse shi ta shanya a taga, ta sa wani busasshe a gurbinsa, sannan ta je kusurwa ta duba allurar tukunya, ta rubuta lambar a littafi. Kafin mu gama naɗe tabarma, an shigo da wata yarinya a goye, ƙirjinta na lotsawa, aka kwantar da ita a gadon da muka tashi.