Hotunan tafiya: yadda ake adana su ba tare da kwamfuta ba

Alhaji na iya dawowa daga Makka ba hoto ko ɗaya, saboda wayar ta ɓace a cunkoson Mina. Haka yake ga mai doguwar tafiya a mota daga Yamai zuwa Agadas. Mutane da yawa na zaton katin memwar ya wadatar, amma katin a cikin waya yake: in ta tafi, tare suke tafiya.

Hanyar da ba ta buƙatar rezo ita ce kile USB mai bakin da ke shiga wayar Android, ko wanda ake haɗawa da 'yar igiyar OTG. Kowane dare sai a kwafe hotunan ranar, a ajiye kile ɗin a jaka daban.

In akwai wifi a masauki, Google Photos na ɗora hotuna da kansa. Giga 15 ake samu kyauta, tare da Gmail da Drive, kuma bidiyo na cinye su da wuri. Sai dai sau da yawa mai sayar da waya a kasuwa ne ya buɗe wa mutum adireshin Gmail ɗin, mai wayar bai taɓa sanin lambar sirrin ba. Ranar da wayar ta ɓace, hotunan na nan a intanet amma ba hanyar kaiwa gare su. Ya kamata a rubuta adireshin da lambar a takarda tun kafin a tashi.

Tura wa 'yan gida ta WhatsApp ma ajiya ce, kodayake yana rage kyan hoto in ba a matsayin fayil aka tura ba.