Farfelar Jirgin Ruwa Tsakanin Tsatsa Da Halittun Teku

Duk wanda ya taɓa barin randa kwanaki ba a wanke ba, ya san idan ya shafa cikinta zai ji santsi. Wannan santsi taron ƙananan halittu ne, bakteriya da ire-irensu, waɗanda suka sami wurin zama suka kafa gari. Abin da ke faruwa a cikin randa shi ne ke faruwa a jikin duk wani abu da aka nutsar a teku, sai dai na teku ya fi tsanani nesa ba kusa ba. A wannan maƙala za mu duba yadda halittun teku da gishirinsa suke taruwa a kan farfelar jirgin ruwa da sandarta da na'urorinsa, da kuma dabarun da masu jirage ke bi don kare su.

Jirgin da injinsa

Jirgin da muke nufi shi ne irin wanda iska ke turawa, wanda ake ɗaura wa manyan ƙyallaye a jikin dogon turke. Ana ganin irinsa a gaɓar Legas, amma ya fi yawa a Turai da Amurka. Ko da yake iska ce ke tafiyar da shi, galibi akan sa masa ƙaramin injin dizal domin shiga tashar jirage, ko domin ranar da iska ta ɗauke. Ƙarfin injin yana bi ta cikin akwatin giya zuwa wata doguwar sandar ƙarfe, sandar ta huda gindin jirgin ta fita cikin ruwa, a ƙarshenta kuma aka ɗaura farfela.

To, ga inda matsalar take. Farfelar babban jirgin dakon kaya kusan kullum a juye take, amma ta wannan jirgi takan yi makonni ko watanni a tsaye cikin ruwa. Abin da ya tsaya wuri ɗaya a teku kuwa, sai halittu sun hau shi. Ranar da iska ta ɗauke, igiyar ruwa tana jan jirgi wajen duwatsu, matuƙi ya tayar da inji amma jirgin ya ƙi motsawa sosai, ranar ce zai gane cewa sakacin watanni yana iya cin rayuka.

Yadda baƙi ke sauka

Halittun ba sa zuwa gaba ɗaya, bi da bi suke zuwa. Cikin ɗan lokaci kaɗan bayan an nutsar da ƙarfe, sinadaran da ke narke a ruwa sukan lulluɓe shi. Cikin kwana guda bakteriya sun sauka sun fara fitar da yauƙi. Daga nan sai ƙananan tsirran ruwa masu ƙwayar halitta ɗaya, sannan gansakuka. Bayan 'yan makonni sai manyan baƙi su iso, babbansu kuwa shi ne wata halitta da ake kira banakul.

Wanda ya ga banakul zai ɗauka wani ɗan dutse ne mai siffar tsauni, ko dangin dodon koɗi. Haka masana da yawa suka ɗauka, har zuwa shekarar 1830 lokacin da John Vaughan Thompson ya nuna cewa 'ya'yansa suna iyo kamar na ƙaguwa da jatan lande, wato danginsu ne. Charles Darwin ma ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarin wannan halitta.

Jaririn banakul yakan yi yawo a ruwa yana sake kamanni. A matakinsa na ƙarshe ba ya cin abinci, aikinsa ɗaya ne, neman wurin zama. Yana tafe yana ɗanɗana wuri da 'yan ƙahoninsa, idan ya sami inda ya yi masa, musamman inda 'yan'uwansa suka riga suka zauna, sai ya manna kansa da wani danƙo na furotin wanda ke daskarewa a cikin ruwa. Daga nan ba zai sake motsawa ba har mutuwarsa. Sai ya gina wa kansa ɓawo da irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai, ya riƙa miƙo ƙafafunsa waje yana tace abinci.

An ƙera fikafikan farfela da siffa ta musamman domin ruwa ya bi ta kansu sumul. Idan banakul suka hau, sai ruwan ya hargitse, inji ya yi ta shan mai da zafi, turawar kuwa ta ragu ƙwarai. Idan kuma suka fi yawa a fiffike ɗaya, nauyi ya karkata, sandar ta fara jijjiga.

Gishiri da ƙarafa biyu

Abokin gaba na biyu ba shi da rai. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, wannan ya sa ruwan yake ɗaukar lantarki. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka taɓa juna a cikin irin wannan ruwa, sun zama batir ke nan. Ɗayan zai riƙa sakin ƙwayoyinsa cikin ruwa yana cinyewa, ɗayan kuwa ya tsira. Farfela galibi ta tagulla ce, sandarta ta ƙarfe marar tsatsa, ga su manne da juna a cikin gishiri.

Maganin da aka samo shi ne a kawo ƙarfe na uku wanda ya fi su saurin cinyewa, wato tutiya, a ɗaura zobensa a jikin sandar. Muna iya kiransa ƙarfen fansa, domin shi ke mutuwa a madadin sauran. A ruwan daɗi, kamar na kogi da tafki, magniziyam ya fi dacewa da wannan aiki. Dokar ƙarfen fansa biyu ce: kada a shafa masa fenti, kuma a canza shi idan ya cinye kimanin rabi.

Tarihin wannan dabara yana da darasi. A da can, tsutsar jirgi, wadda a gaskiya dangin kawa ce mai dogon jiki, takan huda katakon jirage ta mayar da shi kamar saƙar zuma. A 1761 rundunar ruwa ta Birtaniya ta lulluɓe gindin wani jirgin yaƙinta mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe. Tsutsa ta kasa shiga, banakul ma suka ragu, domin jan ƙarfen yana narkewa kaɗan-kaɗan, abin da ke narkewar kuwa guba ne gare su. Amma fallayen suna cinyewa, ga tsada. A 1824 masanin sinadarai Humphry Davy ya nuna cewa idan aka manna guntayen tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin fallayen, cinyewar za ta tsaya. Ta kuwa tsaya, sai dai da jan ƙarfen ya daina narkewa, guba ta ƙare, halittu suka dawo suka rufe gindin jirage. An gudu ba a tsira ba. Har yau mai jirgi yana fama da wannan: farfelar tagulla da tutiya ke karewa daga cinyewa ta fi daɗin zama ga banakul.

Akwai kuma inda halitta da tsatsa suke haɗa kai. Ƙarfe marar tsatsa yana da sinadarin kuromiyam, wanda ke haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata fata siririya da ke kare shi. A ƙarƙashin ɓawon banakul oksijin ba ya isa, fatar ta lalace, sai ƙarfen ya fara ramuka a ɓoye. Sanda tana iya ƙyalli a ido alhali an cinye ta a inda ba a gani.

Abin da mai jirgi ke dubawa

Kusa da farfela, sandar tana juyawa a cikin wani bututu mai rufin roba a ciki, ruwan teku ne man shafawarsa. Yashi da ɓawon halittu da zaren kamun kifi da ya naɗe sukan cinye robar. Idan an fitar da jirgi kan tudu, akan kama farfela a girgiza. In sandar tana wasa, lokacin canji ya yi. A inda sandar ta huda jirgi kuma akwai maƙogwaron da aka cusa wa igiya mai maiƙo. Irin na gargajiya ana barinsa ya riƙa ɗigar da ruwa kaɗan idan sanda na juyawa, domin ya huce; in aka ɗaure shi tamau sai ya yi zafi ya ci sandar. Haka nan ana duba man giya, da daidaiton inji da sanda, da matatar ruwan da ke sanyaya inji, wadda ciyayi da ƙananan halittu kan toshe.

Na'urorin lantarki ma ba su tsira ba. Na'urar auna zurfi tana aika sauti ƙasa ta jira amsa-kuwwa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, saboda haka idan amsar ta dawo bayan kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa, sautin ya yi mita 30 zuwa da dawowa, zurfin mita 15 ke nan. Banakul a fuskar na'urar sukan raunana sautin. Na'urar auna gudu kuwa tana da ɗan ƙaramin gargare da ruwa ke juyawa, gansakuka kaɗan ta isa ta tsayar da shi. A cikin jirgi, iska mai gishiri tana sa bakin wayoyi su yi kore. Mafi muni shi ne waya mai yoyon lantarki daga batir zuwa ruwa, domin tana iya cinye farfela cikin ɗan lokaci.

Guba da iyakarta

Ganin wahalar kankara, sai aka koma ga fenti mai guba. Wanda ya fi ƙarfi shi ne mai sinadarin da ake kira TBT. Amma a ƙarshen shekarun 1970 noman kawa ya durƙushe a mashigin Arcachon na Faransa, aka kuma ga matan wasu dodannin koɗi na teku suna fitar da gaɓar maza har su kasa haihuwa. Faransa ta hana shafa shi a ƙananan jirage a 1982, yarjejeniyar duniya da ta haramta shi kuma ta fara aiki a 2008. Yanzu akan yi amfani da fenti mai jan ƙarfe, ko rufi mai santsi wanda halittu ba sa iya riƙewa da kyau, tare da tsohuwar dabara ta nutso a kankare.

Gwaji a aji

Malamai za su iya nuna wa ɗalibai wannan ba tare da zuwa teku ba. A sami ƙusoshi uku na baƙin ƙarfe a goge su da yashi. A bar ɗaya haka nan, a naɗe na biyu da wayar jan ƙarfe, na uku kuma a matse shi da guntun tutiya, wanda malami zai iya yankowa daga ɓawon tsohon batirin tocila ya wanke shi sosai. A sa kowanne a kofinsa na ruwan gishiri, giram 35 a lita. Ɗalibai su riƙa dubawa kullum har mako guda, suna rubuta wanne ya fara tsatsa, wanne ya tsira, sannan su bayyana dalili da kansu.