Wa Za Ka Danƙa Wa Hankalinka?

A wasu ƙasashen waje likitoci sun koma suna gwada tsirrai masu juya hankali wajen maganin matsanancin baƙin ciki. Wanda ya sha su yakan yi sa'o'i bai mallaki kansa ba, saboda haka tilas ne wani ya zauna da shi ya tsare shi, watau jagora. To, yaya ake gane amintacce?

A Jihar Oregon ta Amurka, inda aka halatta wani irin naman kaza mai bugarwa ta hanyar ƙuri'a a 2020, ba a barin kowa ya yi wannan aiki sai ya sami horo, ya ci jarrabawa, ya karɓi lasin. Mai sha kuma sai ya cika shekara 21, a fara ganawa da shi a binciki lafiyarsa. A Ostareliya kuwa, tun Yuli 2023, likitan ƙwaƙwalwa mai izini na musamman ne kaɗai ke iya rubuta irin wannan magani.

Mu nan gida babu irin wannan lasin, amma akwai zaƙami, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro. Mutumin Garaku, hedkwatar ƙaramar hukumar Kokona, da zai je wurin mai magani saboda damuwa ko zaton iskoki, ya kamata ya san cewa ƙarfin dafin zaƙami yana bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan. Duk wanda ya ce ya san awonsa da ido, cika baki yake yi.

Ga alamun mai amana. Yakan faɗi sunan abin da ya jiƙa, ba ya fakewa da asiri. Yakan tambayi majiyyaci ko yana da ciwon zuciya, ko taɓin hankali a danginsa. Ba ya keɓewa da shi, musamman mace, sai da ɗan'uwa a ɗakin. Ba ya alkawarin waraka dare ɗaya. In abu ya fi ƙarfinsa, yakan ce a tafi asibiti, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Keffi.

Iyaye da masu unguwanni, lalle ku binciki mutum wurin maƙwabtansa da waɗanda ya taɓa yi wa magani kafin ku kai masa naku. Kuɗi in sun salwanta ana samun wasu, amma hankali ba a sayar da shi a kasuwa. Allah ya kiyashe mu.